Shawarwari kan adana saƙonnin murya a kwamfuta

A hirar masu shagunan kwamfuta ranar kasuwar Maigatari, an fi tsayawa kan saƙonnin murya da manoma ke turo wa ƙungiyarsu ta WhatsApp. A tsarin fayil ɗin sauti mai suna opus suke zuwa, ƙananan wayoyi da yawa kuwa ba sa buɗe shi, sai aka ce a yi amfani da ffmpeg, manhajar sauya tsarin fayilolin sauti, a buga ffmpeg -i sako.opus sako.mp3 a kwamfuta a juya shi zuwa mp3. Wani ya kawo shawarar amfani da sox, manhajar gyaran sauti, don rage ƙarar injin niƙa da ke danne murya. Ni dai ina ganin wahalar ta fi amfanin yawa. Kowa ya yarda a sa kwanan wata da ƙauye a sunan fayil, a kwafe zuwa filash da rsync, umarnin kwafar fayiloli, kafin a taɓa rm, umarnin goge fayil, domin abin da ya goge ba ya shiga kwandon shara.