Na tsinci busasshiyar laimar kwaɗi a jakar ƙanina, ku taimaka min da bayani

Maman Ilham, Sheffield:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na rasa wanda zan tunkara ido da ido saboda maganar cikin gida ce. Ƙanina ya zo Ingila karatun digiri na biyu, a wurina yake zaune. Ni na goya shi, ko sigari ban taɓa ganin ya sha ba. Tun da kaka ta shigo ya fara bin abokan karatunsa hawan tsaunuka a Peak District, har murna nake yi ya samu abin da zai fitar da shi daga ɗaki.

Daren Asabar ya dawo ba yadda na san shi ba. Baƙin idonsa ya buɗe sosai, yana ta dariya ba dalili, ya ƙura wa kafet ɗin falo ido yana cewa zanen jikinsa numfashi yake yi. Can kuma ya fashe da kuka yana kiran Innarmu da ta rasu, ya yi amai, ya ce min agogo ya tsaya. Sai wajen asuba ya dawo hayyacinsa, ya ce gajiya ce kawai. Da na shiga kwasar kayan wanki na ga ambulan a jakarsa, cike da 'yan ƙananan laimar kwaɗi busassu, launin ƙasa-ƙasa, masu siraran ƙafafu.

Shin wannan ce wadda ake cewa tana sa gane-gane? In na turo hoto za ku iya gane min? Tana taɓa ƙwaƙwalwa har abada? Hankalina ya fi tashi ne domin muna da kawu da ya yi fama da taɓin hankali. Sannan in kira Baba a gida in faɗa masa, ko in yi shiru?

Abu Sadiƙ, mai harhaɗa magunguna, Manchester:

Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah Ya jiƙan Inna. Abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da aikin sinadarin psilocybin. A Birtaniya laimar kwaɗin da aka fi samunsa a cikinta ita ce Psilocybe semilanceata, kuma kaka ce lokacinta. In ta shiga ciki, jiki yana mayar da sinadarin zuwa psilocin, shi kuma ya je ya kama guraben da serotonin, wato sinadarin isar da saƙo tsakanin jijiyoyi, ke aiki a ƙwaƙwalwa. Daga nan ne launuka ke ƙara kaifi, abin da ke tsaye ya riƙa motsi, lissafin lokaci ya rikice, duk abin da ke binne a zuciya ya taso. Kukan Inna daga nan ya fito. Yakan fara ne cikin minti 20 zuwa 40, ya ɗauki awa 4 zuwa 6, wanda ya dace da dawowarsa wajen asuba.

Ƙarfinta kuwa ba shi da ma'auni. Ƙwayar magani an auna ta a masana'anta, wannan tsiro ne, guda biyu daga fili ɗaya na iya bambanta nesa ba kusa ba. Shi ya sa wanda ya ci jiya ya yi dariya zai iya ci yau ya shiga firgici har ya faɗa titi ko ya dira daga sama.

Ba ta kama jiki da jaraba irin ta tramadol ko kodin, kuma yawancin mutane suna komawa daidai bayan ta sake su. Amma maganar kawunku ita ce ta tsaya min a rai. Yawancin binciken da asibitoci ke yi a kan wannan sinadari, ba sa ɗaukar mutumin da ke da tarihin irin wannan ciwo, shi ko danginsa na kusa, saboda yana iya tayar da abin da ke kwance. Ki lura da shi a makonnin nan: rashin barci, zargin mutane, jin muryoyi, magana ba kai ba gindi. In kin ga ɗaya, ki kai shi wurin likita ba tare da jinkiri ba. Ki kuma bincika ko yana shan wani maganin damuwa, musamman lithium, haɗuwarsu na iya jawo farfaɗiya.

Sai doka. Tun 2005 Birtaniya ta sa ta a rukunin A na miyagun ƙwayoyi, ɗanya ko busasshiya, rukuni ɗaya da hodar iblis. Mallakarta kawai na iya kai mutum ɗaurin shekara 7, ga shi kuma da bizar ɗalibi yake zaune.

Anti Nas, sashen gaggawa:

Ƙanwata, kada ki turo hoton, kuma duk wanda ya ce zai gane miki daga hoto kada ki saurare shi. Ƙananan laimar kwaɗi masu launin ƙasa suna da ɗimbin yawa, masana kansu sai sun duba ƙurar irinsu a madubin ƙara girma kafin su yanke hukunci, balle waɗanda suka bushe suka yamutse. Manhajojin waya ma suna kuskure.

Ni abin da ke ba ni tsoro shi ne wadda za ta shigo cikin tsinto bisa kuskure. Akwai Galerina marginata, ƙarama ce ita ma, launin ƙasa, tana ɗauke da guba iri ɗaya da Amanita phalloides, wadda ta fi kowace laimar kwaɗi kisa a duniya. Amanita ɗin ce ta kashe mutum uku a 2023 bayan sun ci abincin rana a garin Leongatha na Ostireliya. Dafawa ba ta kashe gubar, shanyawa ma haka. Mugun halinta shi ne mutum zai yi awa 6 har zuwa 24 lafiya lau, sannan amai da gudawa su taso, sannan ya ji sauƙi kamar ya warke, alhali a lokacin hanta ke lalacewa. Kwana uku zuwa biyar sai idanu su yi rawaya. Akwai kuma dangin Cortinarius, su ƙoda suke ci, kuma alamarsu na iya jinkiri har sati biyu ko fiye.

To ki tambaye shi yau: yana yawan jin ƙishirwa? Fitsarinsa ya canza? Kwiɓinsa na ciwo? In akwai ko ɗaya, ku kira layin shawarar lafiya na 111, in abin ya yi tsanani layin gaggawa na 999, ku tafi da ragowar abin domin a gwada. Ku faɗi gaskiyar abin da ya ci, mu magani muke yi, ɓoyewa ce ke ɓata mana lokaci.

Malam Baban Hajara, Kano:

'Yata, Allah Ya shirya mana zuri'a. Mu a nan abin da muka sani shi ne zaƙami, wanda samari ke zubawa a zoɓo a wuraren biki. Na ga yaron da ya sha, bakinsa ya bushe, jikinsa ya yi zafi, yana kama abin da babu a iska, bai gane mahaifiyarsa ba. Masana su gyara min, amma a fahimtata guba ce daban da wadda ake magana a kai. Hukuncinsu dai ɗaya ne, Manzon Allah (SAW) ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne, bai ware tsiro ba.

Game da mahaifinku, shawarata ki dakata. Dattijo yana nesa, babu abin da zai iya sai hawan jini da faɗa ta waya, yaron kuma ya rufe miki ƙofa. Ke ce uwarsa yanzu. Ki zaunar da shi bayan ya ci abinci, ki ce kin gani, ki tambaye shi abin da ke damunsa. Yaron da ya kira uwarsa yana kuka a baƙuwar ƙasa, akwai maraici da kaɗaici a tare da shi. In ya ƙi ji ya maimaita, sannan a sa manya.

Ɗalibi a Leeds:

Ina neman afuwar manya, amma ya kamata a faɗi ɗaya ɓangaren. Imperial College da Johns Hopkins suna bincike a kan psilocybin don maganin ciwon damuwa, Ostireliya ma ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta shi tun Yulin 2023. Da wannan hujjar abokansa za su ja shi, gara Anti ta san da ita kafin ta zauna da shi.

Abu Sadiƙ:

Gaskiya ka faɗa ƙanina, kuma ka kyauta da ka kawo ta. Sai dai abin da ake bayarwa a can sinadari ne da aka haɗa a ɗakin gwaji, an auna shi da miligiram, an tantance mara lafiya tukuna, ga ƙwararru zaune kusa da shi har ya sake shi. Da ƙanin Maman Ilham zai je, tambayar tarihin iyali za su fara yi masa, kuma mai yiwuwa maganar kawu ta tsayar da shi.

Ko a inda abin ya samo asali ba a yi masa riƙon wasa. Mutanen Mazatec na Huautla de Jiménez a jihar Oaxaca ta Meziko da dare suke amfani da ita, a zaman neman waraka, ƙarƙashin mai magani. Wani ma'aikacin banki Ba'amurke, Gordon Wasson, ya halarci zaman wata mai magani, María Sabina, a 1955, ya buga labarin a mujallar Life a 1957, masanin sinadarai Albert Hofmann ya ware sinadarin a Suwizalan a 1958. Bayan nan matasan Turawa suka cika garin, 'yan sanda suka biyo baya, mutanen garin suka ɗora wa matar laifi har aka ƙona gidanta.

Maman Ilham, ambulan ɗin kada ya daɗe a gidanki, ga doka ga kuma Ilham da za ta iya kai hannu. Ki fara yi masa tambayoyin da Anti Nas ta lissafa, in babu alamar komai ku zubar da shi tare yana gani. Jami'arsa tana da sashen ba ɗalibai shawara a asirce, likitan unguwarku ma zai iya duba hanta da ƙodarsa da gwajin jini guda.