Neman shawara: in sayi injin yanka katako ko in inganta kayan hannu?

Assalamu alaikum iyayena da yayyena a wannan sana'a. Shekarata biyu ina koyon aikin kafinta, kuma abin da na tara ba zai wuce ɗaya cikin biyu ba: ko injin zarto, ko kuma kyakkyawan zarton hannu da kurfi da magogin katako (abin fere fuskar allo) da dutsen washi. Abin da ya jefa ni cikin wasiwasi shi ne wata durowa da na haɗa da injin aro. Awo ya yi daidai a tef, amma aljihunta ya ƙi shiga, da na koma in rage shi da inji kuma sai ya ci fiye da kima, yanzu yana rawa a cikin gidansa. Ina roƙon ku haska mini.

Amsar wani dattijon kafinta

Wa alaikumus salam ɗana. Aljihun nan naka ya riga ya ba ka amsa, domin abin da ya hana shi shiga bai kai kaurin farce ba, inji kuwa ba ya iya cin kaɗan haka a hannun mai koyo. Magogi mai kaifi yana fere abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ka fere sau biyu, ka gwada, ka sake ferewa, har aljihun ya zame da turin yatsa ɗaya. Amma sai ka fara koyon washi. Ana gyara bakin kurfi da na magogi a kusurwar digiri 25, a ƙarasa kaifin a wajen digiri 30, kuma idan bai yanki kan katako mai laushi, wato bakin da aka datse, ya bar shi sumul ba, to bai wasu ba. Ka kuma lura da kwanciyar jijiyar katako, saboda idan ka saɓa mata wajen ferewa za ta yage maka fuskar allon. Yawancin masu cewa kayan hannu wahala ne, da dakusassun kaya suka gwada.

Amsar wani mai haɗa kabad

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina da ɗan ja, ƙanena. Ya danganta da abin da kake yankawa. Idan mafi yawan aikinka filawud ne (siraran alluna da aka manne da gam) da allon MDF (garin katako da aka matse da gam), gam ɗin da ke cikinsu yana dakushe kayan hannu nan da nan, kuma tsaga allo mai tsawon mita 2.44 da zarton hannu zai cinye maka lokaci da ƙarfi, alhali mai aiki yana jiran kayansa. A irin wannan aiki injin ya kamata ka fara saya, ka haɗa da kurfi biyu ko uku.

Amsar wata malamar koyar da sana'a

Idan inji ka zaɓa, ka sa kuɗin kariya cikin lissafi tun farko. Faifan zarton tebur yana juyawa sau 3,000 zuwa 4,000 a minti ɗaya, kuma idan katako ya matse shi yakan wurgo katakon da ƙarfi ta wajen mai yankan, don haka kada ka cire murfinsa, kuma ka riƙa tura siririn katako da sanda maimakon yatsu. Ƙarar da ta wuce desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) tana lalata ji a hankali, ƙurar katako kuma an tabbatar tana jawo sankarar hanci, saboda haka abin toshe kunne da takunkumi wajibi ne.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Aikina kusan duk na katako ne zalla, saboda haka zan fara da kayan hannu, in ci gaba da biyan mai inji ya tsaga mini manyan alluna. Baba, aljihun nan da ke rawa, zan iya manna masa siririn katako da gam a gefe sannan in fere, ko sai na sake sabo?