An dakatar min da yaro daga buga ƙwallo saboda ya ci 67 a Kemistiri

Baban Sadik, Huston:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san kan makarantun jihar Teksas ta Amurka ya wayar min da kai, tun jiya gidan nan ba daɗi.

Ɗana Sadik yana aji goma, kamar SS1 ke nan a gida. Shi ne gola a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantarsu, bana ne ma ya samu shiga 'yan wasan farko bayan shekara guda yana zaman benci. Jiya ya dawo ya yar da jaka a falo ya shige ɗaki, ko kallon tuwon da uwarsa ta tuƙa bai yi ba. Sai bayan Isha ya miƙo min takarda. Wai ya ci 67 a Kemistiri, saboda haka sati uku ba zai buga wasa ba. Sauran darussan duk ya haura 80, Lissafi ma 91.

Ni fa a Kano na yi sakandare. A WAEC 67 ai B3 ne, yaro ya kawo wannan a Kemistiri sai dai a ce Allah ya yi albarka. Nan kuma sunansa faɗuwa!

Kuma akwai dalili. Mahaifiyata ta rasu farkon Janairu, muka tafi gida gaba ɗayanmu, kwana tara bai je makaranta ba. Rahoton gwaji biyu ne bai miƙa ba aka sa masa sifili, su suka ja shi ƙasa. Shin wannan hukuncin koci ne ko doka ce? In na je na roƙi shugaban makarantar zai ɗaga ƙafa?

Maman Hanan, Dalas:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta, ya ba ku haƙuri.

Kada ka ga laifin koci, shi ma ba yadda zai yi. Dokar jiha ce, suna ce mata No Pass No Play, wato in ba ka ci ba, ba ka wasa. Tun 1984 aka yi ta, zamanin gwamna Mark White, bayan kwamitin da attajirin nan Ross Perot ya jagoranta kan gyaran ilimi. Da farko ma sati shida ne, sai a 1995 aka mayar da shi uku aka kuma yarda yaro ya ci gaba da atisaye da 'yan uwansa. Gasa ce kawai ba zai shiga ba. In koci ya kuskura ya sa shi, ana iya ƙwace wa makarantar wasan ko da sun ci.

Makin ci a nan 70 ne, kuma darasi ɗaya ya isa. Hanan ɗina ba ta taɓa taɓa ƙwallo ba, muhawara take yi, amma ita ma ta taɓa ɗanɗana wannan saboda 69 a Jiyometiri. Maki ɗaya tak. Na yi kuka ya fi nata.

Roƙo ba ya aiki, amma ga inda za ka duba. Hukuncin ba ya fara aiki sai bayan kwana bakwai da rufe makin zangon, don haka ka je gobe, kada ka bari sai Litinin. Ka tafi da shaidar rasuwar da tikitin jirgi. Ka tambaya ko an rubuta kwanakin nan a matsayin rashin zuwa da uzuri, kuma ko an ba shi damar rama aikin. In tsarin gundumarku ya ba shi dama amma malamar ta hana, ana iya gyara makin. In kuwa an ba shi shi ne bai yi ba, sai haƙuri. Sannan ka duba wane irin aji ne: akwai manyan darussa irin su AP, wato darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, da dokar ta ware.

Tsohon Gyam-Masta, Zariya:

Alhaji, Allah ya gafarta wa Hajiya.

Ni dariya ma abin ya so ba ni, ba don ciwonka ba. Shekara goma sha tara na yi ina kula da wasanni a wata sakandaren gwamnati, ban taɓa jin an tambayi sakamakon yaro kafin a ba shi riga ba. Mu tambayarmu ita ce, shin ɗalibi ne ma? Mun taɓa zuwa wasa muka tarar da ɗan bayan abokan karawarmu da gemu a aske sabo, yarana suka ce Malam, wannan ai shi ke gyaran babur a bakin tasha. Sojan haya ke nan. Muka kai ƙara, aka ce mu kawo hujja, alhali hujjar tana tsaye a fili da maiƙon inji a farce.

Amma bari in faɗi gaskiya, ban gama yarda da dokar taku ba. Na riƙe yaran da ba don ƙwallo ba, da tuni sun bar aji sun kama achaɓa. Irin wannan yaron in ka raba shi da fili sati uku, ba littafi zai ɗauka ba, ƙofa zai nema. Naka dai da 91 a Lissafi ba ya cikinsu.

Kawu Bala, Atlanta:

Malam, ai shi ya sa suka bar su suna atisaye, don kada igiyar ta tsinke.

Alhaji, ka duba gaba kuma. In yana burin buga wa jami'a, NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka, na neman darussa 16 na asali da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 ga rukuni na ɗaya, 2.2 ga na biyu. Kemistiri yana cikin waɗanda ake ƙirgawa. Tun 2023 sun daina tilasta jarrabawar shiga jami'a ta SAT da ACT, nauyin ya koma kan makin aji. Sati ukun nan zai wuce, makin ƙarshen shekara shi ne zai bi shi.

Baban Sadik, Huston:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Maman Hanan, na bi shawararki na je da safe.

Kunya na sha. Malamar ta yi min ta'aziyya da ladabi, sannan ta juyo min da kwamfutarta. An rubuta masa uzuri, ta ba shi kwana tara ya rama, har ta ƙara masa biyu. Saƙo uku ta turo ta manhajar iyaye, ni kuwa tun watan Agusta da na manta lambar sirri ban sake buɗe ta ba. Shi kuma gogan naku yana tsaye a gefe, kansa a ƙasa, yana wasa da igiyar jaka. A mota na tambaye shi, ya ce kullum in ya dawo atisaye a gajiye yake, yana cewa gobe.

Ajin nasa ba AP ba ne, don haka wasa huɗu za su wuce shi, har da na abokan hamayyarsu da yake ta lissafi tun bara. Uwarsa ta ce a hana shi atisayen ma, na ce a'a, hukuncin hukuma ya isa. Wayarsa dai tana aljihuna daga Magariba zuwa ya gama aiki.

Yanzu haka yana teburin cin abinci yana fama da daidaita lissafin sinadarai, ya tambaye ni wani abu na ce ya bari sai na sha shayi. In akwai ɗan uwa a yankin kudu maso yammacin Huston da ya iya Kemistiri kuma yana da sarari ranar Asabar bayan Azahar, ya yi min magana ta akwatin saƙo. Akwai masa da miyan taushe.