Tankin tsohon CG ya lotsa: a buga shi ko a sayi sabo?

Ɗan Garin Malam: Assalamu alaikum ƴan uwa. Honda CG125 ne na mahaifinmu, ƙirar farkon shekarun 1980, da jan fentinsa na asali. Ya faɗi ta dama, kan moton ya juyo ya bugi tanki. Lotsawar ta kai faɗin tafin hannu, zurfinta kamar kaurin yatsa, da ɗan layin karyewa a tsakiya. Ba ya yoyo ko kaɗan. Wani toliye, wato mai gyaran kwanon mota, a Sabon Garin Damagaram ya ce jika 8, zai yanka ƙasan ya buga daga ciki ya liƙe. Ni kuma ba na son wuta ta taɓa fentin. Ina so in yanke shawara kafin Alhamis. Me kuka gani?

Mai Kabu-kabu: Kada ka wahalar da kanka. Shiga Kasuwar Dole ka ɗauko sabo, jika 12, har da murfi da makulli.

Abban Hajara: Jika 12 a wace shekara? Yanzu ba ka samunsa ƙasa da 17. Kuma na motocin Sin ne da aka kwaikwayi CG. Ido zai ce ɗaya ne, amma sau da yawa mazaunin robobin gaba da ramin ƙusar baya ba sa faɗawa daidai, sai an lanƙwasa kunne. Kwanonsa ma ya fi na asali sirantaka.

Baba Toliye: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka yarda a yanka. Yanka shi ne aikin ƙarshe, idan duk wata dabara ta ƙi. Ka tsiyaye esansi, ka kwance robine, wato famfon da mai yake fita ta cikinsa, da murfi, ka haska tocila ta baki ka ga ko wurin yana samuwa. Idan yana samuwa, a nemi sandar ƙarfe mai kaurin milimita 10 ko 12, a lanƙwasa ta, a goge kanta ya zama mulmulalle, a naɗe shi da salatif. Bakin tankin kuma a sa masa guntun tiyo da aka tsaga, domin a nan sandar za ta jingina, in ba haka ba bakin zai baje murfi ya daina kamawa. Turawa daga gefen lotsawar ake farawa, ana zagayawa ana matsowa ciki kaɗan-kaɗan. Wanda ya fara da tsakiya zai tayar da ƙullutu, kuma maida ƙullutu ya fi fitar da rami wuya. Kwanon bai cika kai milimita ɗaya ba, ba ya son ƙarfi. Tudun da ya taso a kewayen ramin, shi ne yake riƙe da lotsawar, a riƙa kwantar da shi daga waje da gudumar roba a kan tsumma. Ka ajiye tankin a rana ya yi ɗumi tukuna, tsohon fenti mai sanyi tsagewa yake. Amma gaskiya, inda layin nan yake ƙarfe ya riga ya miƙe. Zai taso, sai dai ɗan tabo zai rage.

Ƙaramin Injiniya: Baba, akwai hanya mai sauƙi. A toshe baki da robine a sa kwampreso, da kansa zai fito. Wasu ma ruwa suke cikawa su sa a firiza.

Mai Walda Zango: Yaro, goge wannan maganar kafin wani ya gwada. Iska ba ta san inda lotsawa take ba, inda ya fi rauni take bi. Ƙasan tanki, wannan kwarin da yake hawa kan ƙarfen moto, shi ne zai fara buɗewa, sai tanki ya ƙi zama, daga nan haɗin gefe ya tsage. Ƙanƙara ma haka take yi. Ko a gwajin yoyo matsin iska ba ya wuce bar 0,2, da famfon keke da ruwan sabulu. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar yanka da liƙi da ake yi kamar wasa. Akwai wani yaron shago a garin nan, bai kai shekara ashirin ba. Aka kawo tanki, mai shi ya rantse ya yi wata biyu a bushe. Ubangidan ya sunsuna ya ce babu komai, ya tafi sallah ya bar yaro da wuta. Tankin ya tashi. Yau yaron ba ya gani da ido ɗaya, hannunsa na dama ya ƙanƙance, ubangidan ko kuɗin magani bai cika ba, mai moto kuma har ya dawo neman kuɗin tankinsa. Tanki cike da esansi bai kai wanda aka tsiyaye haɗari ba wajen fashewa, domin tururin mai da iska ne suke haɗuwa a cikin fanko. Man yana maƙalewa cikin haɗi da ƙarƙashin tsatsa, zafi na taɓa shi ya taso.

Hajiyar Birni: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya saka masa.

Abban Hajara: Amin. Iyayen gidan nan su ji tsoron Allah, ba a barin ɗan koyo shi kaɗai da gas.

Mai Walda Zango: Ga ƙa'idar ga duk mai ji. A wanke da ruwan zafi da Omo aƙalla sau uku, ana girgizawa sosai. A bar baki da ramin robine a buɗe. Lokacin aiki a cika ruwa har kusa da wurin da za a liƙe, yadda babu sararin da tururi zai taru. Kuma ba a taɓa shi da waldar lantarki ta sanda, huda kwanon take. Tagulla ake sa wa da ƙaramar wutar gas.

Na Radiyato: Tagullar ma zafinta yana murɗe kwano, fenti kuwa ya tafi. Ƙaramin huji dalma ta ishe shi. A goge wurin ya yi fari, a gasa kan ƙarfen liƙi can nesa, a kawo shi babu harshen wuta.

Mai Walda Zango: Tanki ba radiyato ba ne, Malam. Idan hujin yana kusa da mazauni, girgizar hanyar Mirriya kaɗai ta isa ta ɓalle dalmar.

Ƙaramin Injiniya: To amma a bidiyon da ake gani Turawa da gam mai zafi suke jawo lotsawa daga waje, babu wuta babu yanka.

Baba Toliye: Wannan kam gaskiya ne, ɗana, yana aiki a kan lotsawa mai laushi marar layi. Sai dai gam yana iya tahowa da tsohon fenti, kuma a zafin Afrilu na Damagaram ba ya daskarewa sosai, sai da sassafe.

Mai Walda Zango: Wanda bai taɓa riƙe guduma ba ya bari masu riƙewa su yi magana.

Abban Hajara: A'a Yaya, kai ma aikinka liƙi ne, fitar da lotsawa na toliye ne. A nan maganar Baba ce gaba.

Mai Kabu-kabu: Ku manna masa sitika ta "Hassada ga mai rabo taki" a wurin, dala ɗari, an gama!

Ɗan Garin Malam: Na gode iyayena. Tunatarwa dai, ba ya yoyo, babu abin liƙewa. Idan tabon ya rage, mastik ɗin da ake cike rami da shi fa? Kuma na haska ciki na ga jan tsatsa a ƙasa.

Baba Toliye: Mastik yana nufin ka haƙura da fentin gefen nan. A kankare har ƙarfe da sanfefa lamba 80, kaurinsa kada ya wuce milimita 3, in ya fi haka tsagewa zai yi. Maganin daskarewa kashi 2 cikin ɗari, kuma ka kwaɓa kaɗan, a zafin nan minti uku zuwa huɗu ya kama. Sai 180, sai 320, sai fentin ƙasa. Na sama ya zama mai haɗi biyu, na gwangwanin fesawa esansi na ɗiga a kai yake narkewa. Duka aikin jika 15.

Na Radiyato: 15 ta yi yawa, ana yi a 10. Tsatsa kuwa, cire robine ka toshe ramin, zuba noti-noti cikin hannu ɗaya ka girgiza, ka ƙirga su shiga da fita. Cika binigar ya kwana ɗaya ko biyu, zubar, ɗauraye da ruwan kanwa ya kashe tsamin, shanya a rana nan take, ka zagaya cikin da ɗan gazuwal kafin sabuwar tsatsa ta hau.

Mai Kabu-kabu: Tsatsar nan duk man kwalba ne. Jarkar da aka ɗebo ruwa da ita jiya ita ake zuba esansi yau. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya yana ci.

Abban Hajara: Ba kwalba kaɗai ba. Robar murfi idan ta bushe, ruwan damina da na wanki ta nan suke shiga. Tankin da kullum rabi ne kuma yana yin raɓa daga ciki.

Mai Kabu-kabu: Kwalba ce, Alhaji. Matatar mai tana nan gefenmu tun 2011, amma mai aikin dare a Kara-Kara ina zai ga gidan mai a buɗe? Kuma kwalbar da ake ce wa litir, ku auna ta ku gani. Wasu ƙasanta a cike yake da kyandir.

Hajiyar Birni: Wannan kam haka ne. Ga shi ko tacewa da tsumma sun daina. Wa ya san mai sayarwa na kirki a wajen Tasha?