Akiyoloji da Hausa: me zai hana mu ce ilimin kufai?

1/ 'Yan uwa, ku taya ni yanke wata magana. Ina cikin ɗaliban da ke zagaya tsoffin wuraren ƙasar Girka a karatun hutun bazara, kuma duk wanda ya kira daga gida ya tambayi abin da muke karantawa, sai in kama kame-kame. Akiyoloji, sunan Turanci na wannan karatu na haƙo tsoffin wurare don sanin tarihinsu, ba ta gaya wa kowa komai. Kalma biyu nake nema: sunan ilimin, da sunan wurin da ake haƙar.

2/ A rediyo an saba cewa "binciken kayan tarihi". Ban raina shi ba, sai dai yana jan hankali zuwa ga kaya, wato tukwane da gumaka da zinariya a cikin gilashi. Mai neman kaya shi ne irin su Bajamushen nan Heinrich Schliemann, wanda ya tono fuskar zinariya a kaburburan tsohon birnin Maisini na Girka a 1876, amma a tsohon birnin Turoi da ke ƙasar Turkiyya ta yau ya keta tudun da wawakeken rami har ya lalata wani sashe na abin da ya je nema. Abin da ake koya mana yanzu daban ne. Ƙasa hawa-hawa take, kowane zamani ya kwanta a kan na gabansa. Tsingaro ɗaya da aka san daga wane hawa ya fito ya fi tulu lafiyayye da ba a san inda aka samo shi ba. Sunan da ya manta da wurin ya bar rabin aikin.

3/ Wasunku sun ce "kango". Ya dace da Fatenon, tsohon ɗakin bauta na birnin Atina, wanda aka gina tsakanin 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa, rufinsa ya tarwatse a 1687 lokacin da harsashin igwar sojojin Fenis ya faɗa kan albarushin da Turkawa suka ajiye a ciki. Amma kango ana ganinsa a tsaye. Olimfiya kuwa, tsohon wurin bauta da wasanni, laka da yashi suka binne ta, sai a 1875 Jamusawa suka fara yaye ta gadan-gadan. Tsohon garin Akurotiri na tsibirin Santorini tokar dutse mai aman wuta ta rufe, aka fara haƙarsa sosai a 1967.

4/ Shi ya sa na tsaya a kan KUFAI: inda mutane suka zauna, suka tashi, suka bar alama. Ko ganuwa na tsaye ko ta kwanta, kufai ne. Wanda ya san kufan Surame, birnin Kanta na Kabi, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan Maisini.

5/ Wani malami ya yi min gyara cewa kufai ba kowa a cikinsa, alhali a Delfi, wani tsohon wurin bauta na Girka, akwai ƙauyen Kastiri a kai, sai da aka tashe shi don haƙar da Faransawa suka fara a 1892. Haka tsohuwar kasuwar Atina, gidaje aka rushe tun daga haƙar Amurkawa ta 1931. Malam, na karɓi gyaran, amma ina ganin bai kayar da kalmar ba. Masu wancan zamanin sun tashi, wasu ne suka zo suka yi gini a kan kufansu.

Inda kalmar take ɗan takura shi ne wurin da ba gari ba, kamar Olimfiya da take wurin bauta da wasanni, ko jirgin ruwan da ya nutse kusa da Antikitera. A nan sai mun buɗa ta kaɗan, kuma Hausa ba ta ƙin haka.

6/ Ga matsayata: wurin, kufai, aikin, haƙar kufai, fannin, ilimin kufai, mai yinsa, masanin kufai. "Kayan tarihi" ya zauna a kan abin da aka ciro. Mutanen Sakkwato da Damagaram da Katsina, in kufai na da wata ma'ana a bakinku da za ta ɓata wannan, ku faɗa kafin ta bi bakin ɗalibai.