Hanyar Likiya da ƙafa, ba ɗan jagora: abin da matafiya suka ce

Na tattaro shawarwarin waɗanda suka taɓa taka Hanyar Likiya, wadda ke bin gaɓar Bahar Rum a kudancin Turkiyya, daga wajen Fethiye zuwa kusa da Antalya. Tsawonta ya haura kilomita 500, kuma wata 'yar Birtaniya, Kate Clow, ce ta tsara ta, aka buɗe ta a 1999.

Bakinsu ya zo ɗaya a kan lokaci: Afrilu da Mayu, ko Oktoba. A Yuli da Agusta zafi ya yi tsanani.

Maganar ruwa suka fi nanatawa, ni ma a nan hankalina ya fi tsayawa. Akwai sassan da mutum zai shafe sa'o'i bai ga ƙauye ba, kuma tsofaffin rijiyoyin ruwan sama da ke bakin hanya sukan ƙafe ko su gurɓata. Duk inda ka ga famfo, ko a harabar masallacin ƙauye, cika gorarka. Alamar hanya fenti ne ja da fari a jikin duwatsu, amma yakan dushe, shi ya sa suka ce a sauke taswira a waya tun daga gida. Takalmi kuwa ya zama mai ƙarfi, wanda ƙafa ta saba da shi, domin duwatsun akwai kaifi.

Sun saɓa a kan wurin kwana: wasu tanti, wasu ƙananan masaukan ƙauyuka. Na fi karkata ga masauki, kaya ya fi sauƙi a baya. In kana da mako guda kawai, fara daga Fethiye zuwa Patara, wani tsohon birni a bakin teku. In karen makiyaya ya taso maka, kada ka gudu, ka kauce wa garken a hankali.