Neman shawara: an buga rufi, magini na son fara filasta, kuɗi kuma ba su kai komai ba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gina gida a bayan gari nan Kano, ɗaki uku da falo biyu, kowane ɗaki da banɗakinsa, sai kicin da sito. Bulo inci 9 ne a waje, inci 6 a ciki. An zuba jaman fulo (kankaren da ake malalawa a ƙasan ɗakuna), an ɗaura linta, an buga kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.45. Yanzu magini ya matsa a fara filasta mako mai zuwa, wai mai wayarin da falamba su zo daga baya su fasa inda suke so. Ga shi hunturu ya shigo. In bar shi ya fara? Silin kuma POP (na farin gari da ake kwaɓawa) ko PVC (na roba)? Uwargida na son tayil mai sheƙi, santimita 60 da 60, har cikin banɗaki. Taga ma ban yanke ba tsakanin mai zugewa da mai buɗewa. Allah ya saka da alheri.

Injiniyan gini:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa a gama lafiya, Alhaji. Kada ka bari ya taɓa bangon nan tukuna. Shi kuɗin aikinsa yake hange, kai ne za ka zauna da tabon. Duk inda aka fasa filasta aka sake cikewa, sabon kwaɓin yana tsukewa dabam da tsohon, sai siririn tsagu ya bi layin bututun daga soket har silin, kuma fenti ba ya ɓoye shi. Bututun wuta, bututun ruwa, firam ɗin ƙofa da ƙarfen taga duk su riga filasta shiga.

Wajen yanka hanyar bututu a yi da giranda, ba guduma da kurfi ba, musamman a bulo inci 6 mai rami. A bi tsaye daga sama zuwa ƙasa. Doguwar yanka a kwance tana raunana bango. Bayan an cike, a buga ragar waya irin ta kejin kaji a kan layin, ta wuce shi da kamar santimita 10 kowane gefe. Haka ma duk inda bulo ya haɗu da ginshiƙi ko linta, nan ne tsagu ya fi fitowa.

Idan an zo filastar, buhun siminti mai kilo 50 kwano biyu ne. A ciki buhu ɗaya ya ci kwano 12 na yashi, a waje da banɗaki kwano 8 zuwa 10. Ka sa wanda zai tsaya yana ƙirgawa, don da baro ake cutar mai gida: a cika shi ya yi tozo a ce kwano huɗu ne. Kauri milimita 12 zuwa 15 ya isa. In bangon ya karkace har sai an cika fiye da 20, a yi shafi biyu, na farko ya kwana. Yashin kuma ka gwada shi: zuba shi rabin gorar roba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. In laka ta kwanta a sama da kauri sosai, mayar da tifar.

Hunturu ba ya hana filasta, amma iskarsa tana zuƙe ruwan kwaɓi kafin simintin ya kama. A jiƙa bangon tun da dare ana gobe za a fara, da kuma safiyar aikin, a riƙa kwaɓa abin da za a cinye cikin awa guda, sannan a yi bayi safe da yamma kwana 7. Filastar da ba ta sha ruwa ba, ka goga yatsa za ka ga gari na zuba.

Mai wayarin:
Injiniya ya gama magana kan jeri. Nawa ƙarin, Yallabai, ka ɗauki alli kai da uwargida ku shiga ɗaki ɗaki ku zana inda gado, talabijin, firji da injin wanki za su zauna, kafin a sa kwalin soket ko ɗaya. In ba haka ba rabinsu a bayan wardrob za su ƙare.

Bututu milimita 20 na layin fitila da soket, 25 na inda wayoyi suka taru. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta fitila da fanka, 2.5 ta soket, 4 ta AC da hita, kowanne da layinsa da birekarsa, 6 ta kukar lantarki in za a sa. Soket santimita 45 daga tayil, makunni wajen mita 1.2 zuwa 1.3. A kafa sandar at (mai kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa don kada ta ja mutum) a ƙasa, a kai wayarta har kowane soket, ba a nuna maka ita a allon bireka kawai ba.

Ko ba ka da kuɗin sola yanzu, raba layin tun yau: fitilu, fankoki da 'yan soket kaɗan a gefe guda, masu jan wuta a ɗaya gefen, a bar bututu fanko daga rufi zuwa inda inbata da batir za su zauna. Da wutar KEDCO, kamfanin lantarkin Kano, kaɗai ba wanda yake gina gida yanzu.

Bututu kawai za a binne a wannan matakin. Kada a ja waya sai an sa ƙofofi da ƙarfen taga, ɓarayin kangwaye tagulla suke nema. In ka je saye, kankare bakin wayar da wuƙa. In cikin ya fito fari, alminiyam ce aka shafa mata launi. Kuma ka ɗauki hoton kowane bango kafin filasta ta rufe shi.

Falamba:
Abu ɗaya nake roƙo, Alhaji: gwaji. A haɗa bututun PPR (na robar da ake haɗawa da zafi), milimita 25 babban layi, 20 rassa, a toshe duk bakunan, a tura ruwa da famfon gwaji, a bar agogon auna matsin ruwa a kai awa 24. In allura ta sauka, akwai yoyo. Yawanci a gwiwa ne, inda aka bar bututun ya daɗe a injin ƙonawa har cikinsa ya narke ya toshe rabin hanya, ko aka cire shi bai yi zafi ba. Cika layi da ruwan tanki kawai ba gwaji ba ne.

Ka sayi masai da abin wanke hannu, ko aƙalla ka zaɓi samfurinsu, kafin a kafa bututun inci 4. Masai mai fita ta ƙasa yawanci yana son kamar santimita 30 daga bango bayan an sa tayil, amma ba duka ba. Mai fita ta bango kuma tsayinsa ake bi. Gangaren bututun ƙazanta santimita 2.5 a kowace mita. A fitar da bututun iska ya wuce rufi, kowane magudanar ƙasa kuma a sa mai riƙe ruwa, shi ke hana warin sokawe dawowa ɗaki. Ƙasan banɗaki ya fi na ɗaki ƙasa da santimita 2 zuwa 3.

Mai POP:
Silin dai POP, ba tantama. PVC yana lanƙwasa da zafin bazarar Kano in katakon ya yi nisa da juna, kuma gida sabo da shi kamar shago.

Injiniyan gini:
Malam, a yi wa Alhaji adalci. POP ya fi kyau kuma ya fi tare zafi da ƙarar ruwan sama, gaskiya ne. Amma rufin nan bai ga damina ba. Digo ɗaya daga bakin ƙusa ya isa ya yi rawayen tabo, in ya daɗe allon ya jiƙe ya rufto. Ko dai a jira ruwan farko, ko a hau da tiyo a jiƙa rufin sosai wani yana ciki yana duba kwari da tudun kwano da inda ya haɗu da bango. PVC a kicin, sito da banɗaki ba abin kunya ba ne, tururi ba ya cinsa, kuma a goge shi da tsumma. Katakon tu-bai-tu (inci 2 da 2) da ake kafe silin a jiki kada ya wuce santimita 60 tsakani, na PVC ma 40 ya fi.

Mai POP:
Na yarda da gwajin tiyo. To a ƙara da wannan: katakon rufi duka a shafe shi da maganin gara kafin a rufe, don bayan silin ba mai sake ganinsa. Ƙugiyar fanka a ɗaure ta da rodi a jikin katakon rufi, ba a jikin POP ba. A bar ƙofar shiga silin a korido. A kuma bar ramukan iska masu raga a ƙarƙashin bakin rufi, in ba haka ba zafin da kwano ya tara a sama da dare yake saukowa. Ado mai hawa uku da fitilu kala-kala kuwa ƙura yake tarawa, shafaffe mai layi ɗaya a gefe ya fi daɗewa bai tsufa ba.

Hajiya mai zanen gidaje:
A gaya wa uwargida ta yi haƙuri da mai sheƙi a banɗaki. Wurin da ake alwala sau biyar, ga yara ga tsofaffi, santsi ba wasa ba ne. Ƙasa a sa mai kaushi, 30 da 30 ko 40 da 40. Ƙanana sun fi ba da damar karkata ruwa zuwa magudana, babban tayil sai an yayyanka shi. Sheƙin a kai shi bango. A falo ta sa 60 da 60 ɗinta, amma ta guji baƙi da fari fat. Baƙi yana nuna ƙurar hunturu minti kaɗan bayan shara, fari kuma jar ƙasar takalmi. Ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka mai ɗan zane ya fi rufa asiri.

Lissafi: kwalin 60 da 60 mai guda 4 yana rufe murabba'in mita 1.44. Ɗaki mita 4 da 4 murabba'i 16 ne, ka ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanka da fashewa, ya zama kwali 13, ban da na gindin bango. Ka sayi na wuri ɗaya a lokaci ɗaya, ka duba lambar launi a jikin kwalayen ta zo ɗaya. Samfuri ɗaya daga gashi dabam yana bambanta, sai an shimfiɗa ake gani. Ka ajiye kwali ɗaya ko biyu a sito.

Tayil ɗin fosilin, mai ƙarfi kamar tangaran, ba ya shan ruwa, shi ya sa siminti zalla ba ya riƙe shi da kyau. A yi daɓe ya daidaita ya bushe, a ɗora da gam ɗin tayil da cokali mai haƙora, a shafa har bayan tayil ɗin. Mai aikin da ke ɗora dunƙule biyar a kusurwoyi da tsakiya, a dakatar da shi. A bar tazara milimita 2 zuwa 3 tsakani, da 'yar tazara a jikin bango wadda na gindin bango zai rufe. Tayil da aka manne ba tazara shi ne yake kumbura ya fashe da ƙara in zafi ya yi. Washegari ka bi da kan makulli kana ƙwanƙwasawa, duk mai amon fanko a ɗaga shi tun gam bai gama kamawa ba.

Taga, mai buɗewa. Tana ba da iska duka faɗinta, kuma robar bakinta ta fi tare ƙura. Mai zugewa rabi take buɗewa, hanyar tayarta kuma tana cika da yashi. Sai dai inda lungu ya matse ko mutane ke wucewa. Dakalin taga ta waje a karkata shi, a ja ɗan tsagi a ƙarƙashinsa don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi bango ya yi baƙin zane.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na tsayar da magini. Saura ɗaya: in kuɗin bai kai ba, me zan iya ɗagawa mu tare a haka?

Injiniyan gini:
Duk abin da ake ɗorawa a sama zai iya jira: tayil na ɗakunan kwana, sikiridin (shafin da ke sa bango ya yi sumul kafin fenti), fentin waje, intalok (tubalan daɓen tsakar gida), kabad ɗin kicin. Fenti ma dole ya jira, filasta na son kamar mako 4 ta bushe, in an yi gaggawa gishirin siminti ya taso ya ɓare shi. A waje kada a yi sikiridin da garin POP, ruwa yana cinye shi.

Abin da ba ya jira: bututu da gwajinsu, ƙofofin waje, tayil na banɗaki da kicin, sokawe, da daɓe mai faɗin santimita 60 zuwa mita ɗaya zagaye da ginin, a karkace zuwa waje, kafin damina. Rashinsa ne ke sa gindin bango ya jiƙe, filasta ta riƙa zubowa.

Tunda za ka ɗaga tayil na wasu ɗakuna, ga inda ake faɗawa rami. Tun yanzu a yanke tsayin da ƙasa za ta ƙare bayan tayil, a auna mita ɗaya daga nan, a ja layi da tiyon lebur a bangon kowane ɗaki. Mai ƙofa, mai wayarin da falamba duk daga layin nan za su auna. Daɓe da gam da tayil suna cin santimita 4 zuwa 5 a kan jaman fulo. In aka kafa firam a kan ƙasar yanzu, ranar da aka sa tayil ƙofar katako sai an datse ta, ta ƙarfe kuma sai an fasa bango an ɗaga. Ɗakunan da za ku fara zama a ciki ba tayil, a yi musu daɓe ya tsaya santimita 1.5 ƙasa da wancan ma'aunin, a goge shi da katako ba da cokalin ƙarfe ba don gam ya samu abin kamawa daga baya, ku shimfiɗa leda ko kafet a kai.